Katangar Maso Dabo

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan bayan Titin Koudoukou ya ɗaga kai sama, ya ga aikin Dabo ko bai san shi ba. Katangar da ka gani da gindin kwalabe a jere a kanta, kore uku, ja ɗaya, fari ɗaya, a sake kore uku, to hannunsa ne. Maso Dabo ake ce masa, wato magini, a unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui. Ni kuwa Dabo nake kiransa gatsau, in na so in ce bawana, domin uwarsa, Gwaggo Hureira, ƙanwar mahaifina ce. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Ya girme ni da shekara bakwai, in muka jera kaina a hammatarsa yake tsayawa, amma duk wannan bai 'yanta shi ba.

A nan unguwar aka haife shi. Ungozomar da ta karɓe shi ta rantse cewa da ya faɗo bai yi kuka ba. Sai da ya ƙare wa bangon ɗakin kallo, ya ga a karkace yake, sannan ya tsala ihu. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya kai aji huɗu. Malamin yana rubutu a allo, shi yana can baya yana auna bangon aji da taƙi. Ranar da ya ɗaga hannu karo na farko a rayuwarsa, malam ya yi murna, ya ce faɗi, sai Dabo ya ce, “Ginin nan ba zai kai damina biyu ba.” Aka kore shi. Ginin ma bai kai ba.

Daga nan ya bi wani tsohon magini mutumin Kamaru, ya yi shekara tara yana kwaɓa masa siminti kafin a bar shi ya ɗora bulo ɗaya. Shi ya sa in ya ba ka hannu, sai ka duba tafinka ka ga ko fatar tana nan. Magana ba ta dame shi ba. Ya taɓa wuni guda a gidanmu, abin da ya ce duka bai wuce “salamu alaikum” da “wannan ƙofar waye ya kafa muku?” ba.

Shekarar tashin hankali, lokacin da manyan motoci suka yi ta kwasar mutane zuwa Kamaru, Gwaggo ta hau tare da ƙanwarsa Aminatu, suka sauka a Garwa-Bulai. Dabo ya ƙi tafiya, ya ce gidan ba zai kwana shi kaɗai ba. Wannan zamanin ba na wasa da shi, don haka zan tsallake.

Da ƙura ta lafa, kowa ya so a ƙara masa tsawon katanga a shuka masa gilashi a kai. Sauran magina sai su farfasa kwalba su caccaka tarkacen a siminti yadda ya zo. Ban da Dabo. Shi sai ya riƙe kwalba kamar mai riƙe jariri, ya ɗan ƙwanƙwasa mata guduma a kafaɗa, wuyan ya fita, gindin ya rage da haƙoransa a zagaye. Ya dasa shi a tsaye, baki yana kallon sama. Fulawa yake kiransu. Da pus-pus, wato amalanken turawa, yake zuwa mashayar wasu unguwanni ya lodo kwalaben da suka tsage. Mutumin da bai taɓa ko sansana giya ba, amma kwalaben da suka bi ta hannunsa sun fi na duk mashayan Bangui a haɗe. In rana ta faɗa wa katangarsa da yamma, wallahi abin da kyau, ko ni da nake neman abin kushewa ban samu ba. Nan da nan kowa ya ce shi ma irin ta Maso yake so.

Ya auri Samira, mai dariyar da ake ji daga bakin titi, suka haifi Amira da ƙannenta biyu. A tsakar gidansu, gefen bishiyar mangwaro, ya gina wa uwarsa ɗaki, ya shafe shi da shuɗin fenti. Shekara goma sha ɗaya ɗakin yana rufe. Duk sallah sai ya sake fenti, ya kira Kamaru ya roƙi Inna ta dawo, ita kuwa ta ce can da sanyi, kuma ta saba.

Bana da damina ta sauka, sai ta yarda. Shi ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ranar da ta kira, wayar tasa ce, a hannunsa take, amma cewa ta yi a ba ni.

“Ya'u, gaya wa mai siminti zan zo a motar Alhasan. Alhasan yakan sauke kaya ya juya bayan kwana talatin. In gida ya karɓe ni, in zauna. In bai karɓe ni ba, kujerata tana nan a gaban mota.”

“Gwaggo, ai ga shi nan yana ji.”

“Na ce ka gaya masa.”

Na juya na gaya masa.

Ranar da ta iso an yanka kaji huɗu, Dabo ya yi murmushi har muka ga ashe yana da haƙoran gefe. Kashegari bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta ɗauki carbi. Ba ta ja ƙwaya goma ba muka ji tas! Aka ɗan jima, tas! tas! Ta kira ni, ta buɗe tafin hannu. Wani ɗan baƙin sauro ne da zanen fari a ƙafafu, kamar ya saka safar 'yan ƙwallo.

“Wannan wane iri ne? Namu na can yana da kunya, sai an kwanta yake zuwa, ya tarar da gidan sauro ya koma. Wannan ko lazimi ba zai bari a idar ba?”

Mu mun daɗe da sabawa, muna ɗauka haka Allah ya yi unguwar. Ita kuwa jikinta ya manta. Kwana uku idon sawunta ya kumbura sumtum, ta sosa har ya yi ruwa.

Dabo ya ajiye duk aikin da ke gabansa ya ɗaura yaƙi. Ya zubar da ruwan duro biyu, ya wanke su da soso, ya ɗaure musu baki da leda. Ya yashe kwatar ƙofar gida har ya tono takalmin da ya ɓace mini tun ina saurayi. Ya kwashe tsofaffin tayoyi da gwangwanayen sardin, ya sare ciyawar bayan bayi, ya cike duk wani rami da jar ƙasa. Kaji ma sai da ya sa musu doka, a ba su ruwa da safe a kife kaskon da azahar. Butar alwala in ka ajiye ta ka juya ka gyara hula, kafin ka waigo ya kife ta.

“Baban Amira,” in ji Samira, “tukunyar miya ce wannan, a kan wuta take. Ita ma kife ta za ka yi?”

“Rufe ta.”

“A rufe take!”

“Ƙara rufewa.”

Wani ya ce masa a ƙona kwalin ƙwai da ɓawon lemo. Ya tara kwali ya kai tsawona, ya cinna. Hayaƙin da ya tashi, mutanen tsallaken kogi sun gani. Maƙwabta suka shigo a guje da bokitai, Gwaggo tana tari tana cewa a mayar mata da sauronta, ya fi sauƙi. Hayaƙi yana washewa suka dawo, har da baƙi.

Kwana goma babu abin da ya ragu. Gwaggo ta daina fitowa gindin mangwaro. Ta sa aka ɗaura mata gidan sauro a bakin ƙofar ɗakinta, ta riƙa wuni a ciki da rana tsaka tana leƙen tsakar gida.

“Ban baro Kamaru don in zauna a keji ba,” ta ce wa Samira. “Ni ba aku ba ce.”

Ranar na tarar da Dabo a bayan gida zaune kan bulo, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Na shirya tsiyar da zan yi masa tun daga hanya, sai ya riga ni.

“Shekararta saba'in da uku, Ya'u. In ta hau motar nan, ba za ta sake yin wannan tafiyar ba.”

Na haɗiye tsiyata. Na jawo bulo na zauna kusa da shi.

A rana ta goma sha biyu, da hantsi, ina tsakar gida ina taya su shan kunu, Gwaggo ta yi kira daga cikin kejinta.

“Ya'u, tambayi mai siminti, shayi yake dafa wa tsuntsaye a kan katanga?”

“Shayi kuma, Gwaggo?”

“Kwana uku ba a yi ruwa ba, ƙasa ta bushe. Amma tun safe nake kallon 'yan tsuntsayen can. Su tsoma baki a cikin gilashi, su ɗaga kai, su sake tsomawa. Me suke sha?”

Duk muka ɗaga kai. Ga su nan kuwa, jajaye ƙanana, sun jeru a tsakanin fulawar Dabo kamar a teburin mai shayi.

Dabo ya miƙe. Ya ɗauko tsani ya jingina, ni na riƙe, ya hau. Ya leƙa kwalba ta farko. Ya leƙa ta biyu. Ya miƙa wuya ya bi layin da ido har kusurwa. Ya daɗe a sama har hannuna ya gaji.

“Bawana, me ka gani?”

“Riƙe tsani.”

“Ko ka tsinci zinariya ne? A raba da ni, ni ne ubangidanka.”

“Miƙo mini ludayi da farin kofi.”

Samira ta miƙa. Ya sauko da kofin, ya ajiye a tsakiyar tabarma. Ruwa ne kore-kore, cikinsa 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, wasu sirara, wasu sun yi kai kamar waƙafi. Daga kwalba ɗaya kenan. Katangar gidan kuwa tana ɗauke da fiye da ɗari huɗu, kowace unguwa ce guda da kasuwarta da makarantarta. Ga inuwar mangwaro ta rufe rabinsu, ga ganye yana faɗawa ciki yana ruɓewa. Ko otal ɗin bakin kogi bai kai wannan jin daɗi ba.

Samira ta dubi kofin, ta dubi mijinta, ta toshe baki da gefen zane. Bai yi amfani ba. Dariyar ta ƙwace, sai da ta zauna daɓas a ƙasa.

“Ka kife mini tukwane! Ka hana kaji ruwa! Wayyo cikina!”

Gwaggo ta ɗaga gefen gidan sauron ta leƙa kofin.

“Ashe kiwo yake yi. Ya'u, ce masa Allah ya sa albarka, garken ya yi kyau.”

Kafin azahar ya kwaɓa siminti da yashi. Ya bi kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsotse ruwan da tsumma, ya cika kowace har baki, ya shafe da ɗan cokalin gini, haƙoran kawai ya bari a waje. Bai sauko ba sai don salla. Washegari da yamma ya gama, ya wanke hannu, ya tsaya yana huci kamar wanda ya ci kokawa.

Samira ce ta ɓata masa. Ta kama hannun rigarsa ta juya shi gabas.

“Waccan katangar wa ya yi ta?”

“Ni.”

Ta juya shi yamma. “Waccan fa?”

“Ni.”

“Ta bayanmu? Ta Alhaji Abdulmutallib mai zagaye fili guda? Baban Amira, sauro ba ya neman izinin shiga gida.”

Gida arba'in da 'yan kai ne a lungunmu da na bayansa, duk aikinsa. Saura kwana goma sha bakwai Alhasan ya juya.

Nan fa ake yin ta. Mutumin da ya shekara takwas yana cewa fulawarsa babu irinta daga nan har Duwala, yanzu shi zai bi gida-gida ya ce ga abin da ya dasa musu a ka. Ya fara gwada dabara. Muka je wurin Alhaji Abdulmutallib, babban ɗan kasuwar da ke sarin shinkafa da sukari, wanda in ya yarda duk lungu ya yarda. Dabo ya yi gyaran murya ya ce wai akwai sabon salo na ƙarfafa katanga, yana so ya yi masa kyauta.

“Ƙarfafawa? Maso, ba kai ka ce mini katangar nan sai tashin kiyama ba?”

“Na faɗa, Alhaji.”

“To an busa ƙaho ne ban ji ba? Bar mini abata. Baƙina daga Kamaru har hoto suke ɗauka.”

Muka fito. Dabo bai iya ƙarya ba, in ya yi ta kunnuwansa ne suke motsi. A hanya na ce masa, “Ka bar ni in yi maka, ni sana'ata ce.” Ya ce a'a.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Koudoukou, mazan lungu suka taru a rumfar ƙofar Alhaji kamar kullum, ana jiran tuwo. Sai ga Dabo da babbar rigarsa, tsani a kafaɗa, ludayi a aljihu. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya jingina tsani a katangar Alhaji, ya tattare riga ya hau, ya ɗebo, ya sauko ya ajiye farin kofin a gaban mutane.

“Jama'a, sauron da ke cin ku da rana, ga gidansa. Ni na gina masa. A kan katangar kowa akwai. Ku yafe mini, ku ba ni dama in cike su.”

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba.

Alhaji ya saka tabarau ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo.

“Shekara takwas ina zagin kwata,” ya ce. “Na zagi masu shara. Na yi faɗa da maƙwabcina a kan ramin wankinsa, har yau gaisuwarmu sama-sama. Ashe abin yana bisa kaina, kore uku ja ɗaya.”

Wani daga baya ya ce da yaren Sango, “Baba ti ngungu!” wato uban sauro. Rumfa ta kece da dariya, har Alhaji sai da ya cire tabarau ya share ido. Dabo ya tsaya ƙiƙam yana karɓa. Da aka lafa, Alhaji ya tambaye shi me ya sa sai yanzu, kuma me ya sa yake sauri haka. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna ce za ta koma.”

Dattawan wurin duk sun san Gwaggo, wasu ma waina suka girma suna saya a hannunta. Alhaji ya ce a buɗe sito a fito da siminti. Wani ya ce yana da tsani biyu. Maƙwabcin nan mai ramin wanki ya ce shi zai kawo yashi, Alhaji ya ce masa singila, wato na gode, suka yi musafaha a karo na farko cikin shekara uku.

Kwana tara ana aiki. Duk inda ka duba mutum ne a kan tsani da kwano a hannu, mata suna miƙa ruwa, ana ihu daga katanga zuwa katanga da Hausa da Sango. Teloli suka hau, mai gyaran waya ya hau, har wani mai canjin kuɗi da bai taɓa ɗaga abin da ya fi jakarsa nauyi ba. Dabo yana bin bayansu yana gyara abin da suka ɓata, yana ƙunƙuni. Ni aka ba ni aikin dubawa daga ƙasa, a inuwa, kuma na yi shi tsakani da Allah. Tun da an hau sama, aka ga har magudanar rufin kwano ta toshe da ganye a gidaje da yawa, ita ma aka yashe.

Sauro bai ɗauke rana ɗaya ba. Manyan da suka riga suka yi fiffike suna nan suna cin rabonsu, Dabo kullum yana leƙen ƙafar uwarsa ta gefen ido. Aka yi ruwa sau uku, ya hau ya duba, kwalabe a bushe. Wajen kwana na ashirin da shida Gwaggo ta fito da tabarmarta gindin mangwaro ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Muka kasa kunne. Tas ɗaya muka ji, shi ma daga baya ta ce ƙuda ne. Amma zancen zama ko tafiya, ko uffan.

Ranar talatin da safe Alhasan ya yi sallama, makullin mota a yatsa. Gwaggo tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Dabo yana tsaye jikin bango, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

“Hajiya, da azahar za mu ɗaga. Akwai mai neman kujerar gaba, na ce sai na ji daga bakinki.”

Gwaggo ta ture hannun riga, ta nuna wani ɗan kumburi a damtse.

“Ka gani? Jiya da la'asar.”

Dabo ya matso ya leƙa kumburin.

“Amma na dube shi kafin in kashe,” ta ce. “Tsoho ne tukuf, duk ya rame, da ƙyar yake tashi. Da alama danginsa sun ƙare.” Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. “Ba wa mutumin kujera. In ka isa, ka ce wa Aminatu ta ɗauro mini turmina da tandar waina. Ta haɗo da baƙin akwatin da ke ƙarƙashin gado, kada ta buɗe, na san abin da ke ciki.”

Samira ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Dabo ya juya ya shige bayan ɗaki, wai siminti ya faɗa masa a ido, mutumin da ko buhu bai taɓa ba tun safe. Da ya fito Gwaggo ta dube ni.

“Ya'u, gwiwata ba ta son zaman ƙasa. A yi mini dakali a nan gindin bishiya.”

Kafin in buɗe baki ya tsuguna ya fara auna ƙasa da taƙi.

“Na mutum nawa, Inna?”

Ta lissafa ƙawayenta da suka rage a unguwar da yatsu.

“Huɗu,” ta ce. “A'a, yi na biyar. Mas'uda ta yi ƙiba.”